3.4 Duba Matakan Kariya Daga Gobara a Asibitoci

Gobarar asibiti ta bambanta da ta kasuwa ko ofis, domin mafi yawan waɗanda ke cikin ginin ba su iya gudu. Akwai wanda aka yi wa tiyata, akwai mai naƙuda, ga kuma bakwaini da ke cikin kwalba. Saboda haka, aikin jami'in kwana-kwana idan ya zo duba asibiti ya wuce ƙirga tukwanen kashe gobara da ke rataye a bango.

A Nijeriya, Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya ta samo asali ne daga dokar 1963, sannan jihohi suna da nasu hukumomin. Babban abin da ya kamata jami'an waɗannan hukumomi su fara dubawa shi ne wurin ajiye iskar oksijin. Ita wannan iska ba ta kamawa da kanta, sai dai tana rura wuta. Iskar da ake shaƙa tana ɗauke da kimanin kashi 21 cikin ɗari na oksijin. Idan silinda ta yi yoyo a ɗakin da ke rufe, adadin ya ƙaru, to zanen gado da katifa da labule sukan kama da ɗan tartsatsi kaɗan. Wannan ne ya sa ake hana shan taba da kusantar da maiƙo ga bakin silinda. A watan Afrilu na 2021, fashewar silindar oksijin a Asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza ta yi sanadin mutuwar aƙalla mutum 82, a ginin da ba shi da na'urar gano hayaƙi.

Abu na biyu shi ne wayoyin lantarki. A watan Mayu na 2022, jarirai 11 suka rasu a asibitin garin Tivaouane na ƙasar Senegal sakamakon gobarar da aka danganta da haɗuwar waya, har shugaba Macky Sall ya sallami ministan lafiya. Darasin ya shafi asibitocin Arewa kai tsaye, inda ake yawan sauyawa tsakanin wutar lantarki da janareta, ga kuma ɗora na'urori da yawa a kan soket guda.

Sai dai kuma abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne hanyar fita. Tsoron ɓarayi kan sa a garƙame ƙofar baya da kwaɗo, a kuma sanya wa tagogi ƙarafa. Jami'in da ya zo da rana ba lallai ya ga haka ba, domin da dare ake kullewa, lokacin da ma'aikatan jinya suka fi ƙaranci. Don haka ya dace ya tambayi wanda ke riƙe da makulli, ya gwada ko gadon majiyyaci zai iya wucewa ta ƙofar, sannan ya nemi ma'aikacin dare ya nuna yadda ake zare fil ɗin tukunyar kashe gobara.