Ciwon tsoka bayan rauni: abin da ɗalibi ke koyo wurin ɓeraye

Duk ɗan dakon da ya taɓa targaɗe, ko macen da tiren kaya ya taɓa murɗe wa wuya, sun san zancen: rauni ya warke, amma tsoka ta ƙi yin shiru. Wannan ita ce tambayar da ake bi a wani ɗakin bincike na jami'ar Iowa, a Amurka, ƙarƙashin malama Kathleen Sluka.

Ɗalibin da ya shiga irin wannan ɗaki yana zaton manyan injina zai tarar. Ina! Ɓeraye za a fara haɗa shi da su. Sai ya koyi riƙe su har su saba da hannunsa, don ɓeran da ya firgita ba ya ba da amsar gaskiya. Daga nan a ɗora ɓera bisa ragar ƙarfe, a miƙa wa ɗalibi wasu siraran tsinkaye masu kama da gashin wutsiyar doki, kowane da ƙarfinsa. Sunansu gashin von Frey, sunan Bajamushen da ya ƙago su a ƙarshen ƙarni na 19. Ya danna tafin ƙafar ɓera daga ƙasa, ya duba ko zai janye, ya rubuta. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kuma galibi ba a gaya masa wane ɓera aka yi wa wace allura, don kada son ransa ya shiga lissafi. Mai sayar da hatsi ya san dalili: wanda ke da riba cikin awo, ba shi ake ba tiya ba.

A shekarar 2001, Sluka da abokan aikinta sun yi wa ɓeraye allurar ruwan gishiri mai tsami a tsokar ƙafa ɗaya. Allura guda, ciwon ya wuce cikin yini. Da aka maimaita bayan kwana 5, sai ciwo ya zauna har kusan mako 4, ya kuma tsallaka ƙafar da ba a taɓa ba. Aka duba tsokar, ba wata ɓarna a cikinta. Ke nan allurar farko ta bar jijiyoyi da laka a faɗake, ta biyu ta zo ta tarar da su a kunne. Ni dai nan ne abin ya kama ni, don sau nawa muke ce wa mai irin wannan kuka raki gare shi?

Ɓera ba mutum ba ne, saboda haka abin da aka gani wurinsa sai an sake gwada shi ga mutane. Amma a 2013 ɗakin nan ya nuna cewa ɓerayen da suka yi mako 8 suna gudu bisa ɗan keken da aka sa musu cikin keji, da aka yi musu allurar nan biyu, ciwon bai zauna musu ba.