Maigatari: Ƙasa, Jama'a da Gadon Tarihi a Bakin Iyaka

Maigatari gari ne na manoma da makiyaya a arewacin Jihar Jigawa, daf da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Shi ne hedikwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel. Sauran ukun su ne Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar. Abubuwa biyu ne suka tsara rayuwar garin: rairayi da iyaka.

Yanayin Ƙasa

Ƙasar yankin jigawa ce, shimfiɗaɗɗiya, mai saurin shanye ruwa. Damina gajera ce, yawanci daga Yuni zuwa Satumba, saboda haka manomi yakan dogara ga gero da wake da gyaɗa, sai riɗi da zoɓo da suka zama amfanin gona na neman kuɗi. Ba banza ake barin gawo a tsakiyar gona ba. Itace ne mai zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyensa ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da dabbobi da rani.

Jama'a

Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Maigatari na da mutane kimanin dubu 180, masarautar baki ɗaya kuwa kusan rabin miliyan. Mazaunan sun haɗa da Hausawa da Fulani da Mangawa, waɗanda dangin Barebari ne, ko da yake Hausa ce ta zama harshen yau da kullum. Kowace Alhamis garin kan cika ya batse, domin kasuwarsa ta dabbobi tana jawo fatake daga yankin Damagaram da raƙuma da shanu da raguna, masu saye kuma har daga kudancin Nijeriya.

Gadon Tarihi

Gidan sarautar Gumel na Mangawa ne, an kuma kafa shi wajen shekarar 1750. Masarautar ta kasance ƙarƙashin inuwar Borno, ba ta shiga Daular Sakkwato ba bayan jihadi. Tsohuwar cibiyarta, Tumbi, tana cikin Nijar a yau, kuma Turawan Ingila sun karɓi mubaya'ar Gumel a 1903. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba ƙasa, amma ba ta raba zumunta da auratayya ba.

Kammalawa

Jama'a na ƙaruwa, gona kuwa ba ta ƙaruwa. Rabon gado na daɗa tsuke gandaye, saran itatuwa na buɗe wa iska da hamada ƙofa, matasa kuma na tafiya ci-rani birane. Kasuwa na iya riƙe garin da ciniki, amma geron da ke ciyar da shi daga wannan rairayin yake fitowa. Kare gawo da burtalin makiyaya, ke nan, ɓangare ne na kare gadon Maigatari, daidai da adana tarihin sarautarsa.