Wai Babu Al'umma? Maganar da Ta Shafi Burtali da Rijiya

Mai sauraro, ko kana bayan garke ne, ko kana jiran a sauke kaya a tasha, ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako.

A shekarar 1987, firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta yi hira da mujallar Woman's Own. A ciki ta ce babu wani abu wai shi al'umma, akwai dai maza da mata ɗaiɗaiku, akwai kuma iyalai. Ƙorafinta shi ne mutane sun saba jingina kowace matsala ga gwamnati. A ganinta, mutum ya fara ɗaukar nauyin kansa, sannan ya duba maƙwabcinsa.

Wa wannan magana ta fi yi wa daɗi? Masu aƙidar kowa tasa ta fisshe shi. In babu al'umma, ai babu dalilin riƙe dukiya da sunanta. Haka kuwa gwamnatinta ta yi: ta sayar da kamfanin tarho a 1984, na iskar gas a 1986.

To, kai makiyayi, me ya haɗa ka da Landan? Ga shi. A 1968 wani masani a Amurka, Garrett Hardin, ya kafa hujja da irin sana'arka. Ya ce in filin kiwo na kowa ne, kowane makiyayi zai yi ta ƙara dabbobi, don riba tasa ce shi kaɗai, asara kuwa ta kowa, har ciyawa ta ƙare. Mafita da aka fi ɗauka daga maganarsa biyu ce: a yanka fili a mallaka wa mutane, ko hukuma ta karɓe.

Lura da kyau: duka biyun sun ɗauka makiyaya ba sa iya zama su yi wa kansu doka. Ashe ba masu cewa kowa ya ji da kansa kaɗai ke musun al'umma ba. Tarayyar Sobiyet da sunan jama'a ta tilasta wa makiyayan Kazakistan zama wuri ɗaya, ta tattara dabbobinsu a gonakin haɗaka. Tsakanin 1930 da 1933 garkuna suka ƙare, yunwa ta kashe fiye da mutum miliyan ɗaya. An yi ta kiran sunan jama'a, amma ba a saurari jama'ar ba.

Wata masaniya, Elinor Ostrom, ta bi diddigi ta ga akwai hanya ta uku. A ƙauyen Törbel na ƙasar Suwizalan, tun 1517 aka rubuta doka: kada kowa ya kai shanu makiyayar gari fiye da waɗanda zai iya ciyarwa lokacin hunturu. Mutanen ƙauyen ne suka kafa ta, su ke tsaronta. A kan irin wannan bincike aka ba ta kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009.

Kai ma ka san wannan ba tare da littafi ba. Wa ya tsara layin shayarwa a rijiya da rani? Wa ke tilasta wa wanda aka ba saniyar habbanaye ya riƙe amana? Kai ɗan kasuwa, kayan da kake karɓa bashi tsakanin Maraɗi da Katsina, babu takarda, me ke tsare su in ba mutunci da shaidar maigidan da ya sauke ka ba? Wannan ita ce al'umma. Ba gwamnati ba ce, ba kuma mutum ɗaya ba ne.

Saboda haka, duk ranar da wani ya zo da takarda zai kewaye mashaya ko ya toshe burtali, ko da sunan kansa, ko da sunan ci gaban jama'a, tambaya ɗaya ce: da wa aka zauna kafin a yanke? In ba a zauna da masu amfani da wurin ba, to an ce ba ku nan ke nan.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.