Ƙullutun Gefen Ƙafa: Abubuwa Takwas a Taƙaice

1. Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26. Ke nan ƙafafu biyu sun kwashe kusan rubu'in ƙasusuwa 206 na jikin baligi.

2. Ƙullutun da ke fitowa a gindin ƙaramin yatsa, ta gefen waje, ba maruru ba ne. Kan dogon ƙashi na biyar ne ya turo, ko ƙashin ya karkace.

3. Turawa sun laƙaba masa sunan teloli, domin maɗinkan da a ƙasa suke wuni da ƙafafu harɗe, gefen ƙafa na gugar daɓe. Irin wannan zama ne dukawa da maƙeran Tawa da masu saƙar tabarma a ƙauyukan Adar ke yi har yau.

4. Siffar ƙafa gado ce, amma matsattsen takalmi shi ke tayar da ciwon. Wani bincike na 1958 a Hong Kong ya sami irin wannan karkacewa, amma ta babban yatsa, a wajen kashi ɗaya cikin uku na masu sa takalmi. A cikin masu yawo ba takalmi kuwa, kashi 2 cikin 100 ne kacal.

5. Ƙafa kan ɗan kumbura da yamma, don haka a lokacin ya kamata a gwada takalmi a kasuwa. Faffaɗan takalmin fata ya fi sau-ciki mai tsinin baki, balle ga mai taka duwatsun Keita ko Buza.

6. A 1902 likitan ƙashi Robert Jones na Birtaniya ya bayyana karayar wannan dogon ƙashi na biyar bayan ya karya nasa wajen rawa. Jini bai cika isa wurin ba, shi ya sa ɗorinsa kan yi jinkirin kamawa.

7. Man zafi da jiƙo ba sa narkar da ƙashi. Abin da ke kawo sauƙi: sauya takalmi, sa auduga tsakanin ƙullutun da takalmi, shimfiɗa abu mai taushi wajen zama. In ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita kan yanka ƙashin ya daidaita shi, ya haɗe cikin wajen mako shida.

8. Kada a yarda da sakiya, ko tsagar wanzami, ko fere kanta da reza. Mai ciwon suga na iya rasa ƙafa ta dalilin ɗan wannan rauni. A je babban asibitin Tawa ko na Galmi a ɗauki hoton ƙashi tun ƙafa na iya takawa.