Katagum: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Daga Wakilinmu na Arewa, Azare

Duk mutumin ƙasar Katagum da ke neman abinci a Kudu, ko a Agege ya ke, ko Sabon Ibadan, ko Shagamu, ko kuwa Anacha, ya san irin wayar da a kan buga masa daga gida idan azumi ya gabato ko damina ta yi tsakiya. Hatsi ya ƙare, an kwantar da gyatuma a asibiti, an koro yaro saboda kuɗin jarrabawa. Sai mutum ya lalubi aljihu ya aika da abin da ya sawwaƙa. Wannan zumunci ne, ba mai kushe shi. Amma jama'a, gidan da ba shi da kowa a Kurmi fa, wa za su kira?

Wanda ya daɗe bai zo gida ba, in ya shigo Azare yau zai yi mamaki. Garin da aka maido hedkwatar masarauta cikinsa a 1916 ya bunƙasa ƙwarai. Ga Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, ga babban asibitin Gwamnatin Tarayya, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, ga kuma jami'ar jiha can Gadau. To amma a bar kwalta a nufi ƙauyukan da ke bayan Sakwa, ko Udubo, ko Disina, nan za a ga wata duniya dabam, inda haihuwa in ta zo da gardama sai an nemi amalanke ko babur kafin a kai ga likita. Shi kansa tsohon garin Katagum, wanda Malam Zaki ya kafa a zamanin jihadi, yanzu hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki ne, alhali kuwa ƙaramar hukumar da ta ɗauki sunansa tana Azare. Baƙo ya kan ruɗe da wannan, har da waɗansu masu kawo agaji.

A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da sanarwar cewa mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci ta fannin abinci, lafiya, ilmi da muhalli. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa su ke. A karkara abin ya kai kashi 72, a birane kuwa kashi 42. Wannan lissafi kuma an yi shi ne tun kafin a janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu 2023, abin da ya ɗaga kuɗin mota da na abinci gaba ɗaya.

Bugu da ƙari ga ruwa. A daminar 2022 ambaliya ta yanke hanyoyi a Zaki da Gamawa, ta cinye gonaki. A watan Agusta na 2024 kuma ruwa ya datse babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum. Mai ɗa a Ikko ya kan samu abin sake shuka. Wanda ba shi da kowa sai ya ci bashi a kan amfanin da bai riga ya nuna ba, ya shiga baɗi da igiya a wuya.

Su wa ke tallafar irin waɗannan mutane? Galibi ƙananan ƙungiyoyi ne marasa ofis: kwamitin masallacin unguwa, kwamitin marayu, 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala, matan Islamiyya, samarin da ke zaga asibiti suna neman wa majinyata jini, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Sun san wace bazawara ce ba ta ɗora tukunya ba, sun san maraya da sunan ubansa. Abin da ba su da shi shi ne kuɗin da za su dogara da shi kowane wata. Sa'ad da rikicin Boko Haram ya tsananta a 2014, yawancin waɗanda suka gudo Jihar Bauchi daga Barno da Yobe a gidajen jama'a suka sauka, ba a sansani ba. Talakawa ne suka raba ɗaki da tuwo da su.

Haɗa hannu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da gayya su ke nome gonar mara lafiya, su yi wa tsohuwa jinka. Iyayenmu mata da adashi su ke aurar da 'ya'ya. A zamanin nan ma akwai abin koyi. Dubi fatun layya da ƙungiyar Izala ke tarawa kowace Babbar Salla. Fatar rago guda ba ta taka kara ta karya ba, mai ita sau da yawa bai ma san yadda zai yi da ita ba, amma da a ke tara su daga gari zuwa gari a sayar, sai ga kuɗin da ke shiga ginin makarantu da masallatai. Maƙwabtanmu na Jihar Jigawa kuma, musamman masarautar Dutse tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, sun yi suna wajen tara zakkar hatsi da ta dabbobi ta hannun kwamiti, a raba gunduma gunduma a bainar jama'a. Shari'a ta riga ta yanka: kashi ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga na ban-ruwa. In kowa ya fitar shi kaɗai, mudu-mudu za ta watse. In aka tara, sai ta isa a ba mutum jari.

Bari mu yi ɗan lissafi na misali. A ce mutum 200 'yan ƙasar Katagum a kasuwa guda, 'yan kara da 'yan gwari da 'yan acaɓa da masu gadi, kowa ya ɗauki alkawarin Naira 1,000 a wata. An sami Naira 200,000 ke nan kowane wata, a shekara Naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Ba wanda zai ji a jikinsa, amma kwamitin marayu na gunduma guda zai san da abin da zai tsara aikinsa.

To me ya hana? Amana. Kada mu ɓoye wa juna. Ni kaina na taɓa halartar bikin ƙaddamar da wata gidauniya, aka yi hayar rumfuna da kujeru, maroƙi na ta kirari, manya suka riƙa sanar da alkawarin kuɗi ta lasifika. Mu ƙananan muka zuba namu a take. Har yau ban ga takardar da ta nuna nawa aka tara ba, balle inda ya tafi, alkawuran manya kuwa iska ta kwashe. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, in ka sake zuwa masa da littafin karo-karo, ba za ka ga laifinsa ba in ya ce shi dai gidansu zai aika.

Maganin wannan ba wani abu ne mai wuya ba, sai dai yana bukatar a daure. Kada kuɗin jama'a ya shiga asusun mutum guda, ko da liman ne ko sarkin kasuwa. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum uku su sa hannu, in hali ya yi a yi mata rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni. A karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa ƙarshen wata, da baki, don wanda bai iya karatu ba ya ji. Ƙungiyar da za a ba kuɗin a gida kuwa, a zaɓi wadda ta riga ta fara aiki da guminta, a tambayi mai unguwa da matan unguwa labarinta, kuma duk wanda ya zo ganin gida ya je ya duba da idonsa. Ina kuma jan kunne game da siyasa. Ranar da ɗan takara ya manna hotonsa a kan buhun da kuka saya, rabin masu zubi sun janye ke nan.

Waɗansu za su ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiyarsu, kuma ba wanda ya ce a yafe mata. Gada da asibiti da albashin malami sun fi ƙarfin karo-karo. Amma ƙungiyar da ta saba riƙe littafi ta fi iya tsayawa gaban shugaban ƙaramar hukuma ta tambaye shi nasa littafin.

Masu niyyar farawa su lura da lokaci. Gero da dawa sun fi araha da kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, yunwa kuwa ta fi cizo a watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma hanya ta ɓaci. Hatsin da za a raba a ƙauyukan bakin kogin Jama'are, tun da rani ya kamata a saye shi a ƙetare da shi, kafin ruwa ya raba su da Azare.