Dutsen Bayan Tayar Kura

Duk wanda ya taɓa kallon ɗan garuwa yana hawa tudu da kura cike da jarkoki ya san yadda yake yi idan numfashi ya ƙare masa a tsakiyar hawa. Kafin ya saki hannu, sai ya sa ƙafa ya turo dutse bayan taya. Dutsen nan ba ya tura kurar ko taku ɗaya. Amma in babu shi, duk tazarar da aka ci da gumi sai ta zube, a koma gindin tudu a sake sabon lale. Aikin da bawul mai hana ruwa komawa baya yake yi a bututun famfo ke nan.

A Amurka da Kanada gidaje da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka yi ruwa mai yawa, ko ƙanƙara ta narke, ruwa yakan taru a gindin gini. Don haka ake haƙa ɗan rami a daɓen ɗakin, a zaunar da famfon lantarki a ciki. Famfon yana da wata ƙwallo mai yawo a kan ruwa. Ruwa ya ƙaru, ta ɗaga, inji ya tashi. Ruwa ya ja, ta sauka, inji ya mutu.

A daidai mutuwar injin matsalar take. Bututun da ya miƙe sama yana nan cike da ruwan da bai kai waje ba. Bututu mai faɗin inci ɗaya da rabi, idan ya hau mita 3, yana riƙe da kusan lita 4. Inji na tsayawa, ruwan nan zai gangaro cikin rami. Idan ramin ƙarami ne, ƙwallon ta sake ɗagawa, inji ya sake tashi don ya ɗaga ruwan da ya riga ya ɗaga. Ga shi kuwa injin lantarki a lokacin tashi ya fi jan wuta, ya fi ɗaukar zafi. Yawan kunnawa da kashewa shi ke cinye masa kwana, kuma ba ya tashi lalacewa sai ranar da aka fi bukatarsa, ana tsakiyar mamako.

Bawul ɗin kuwa ɗan abu ne, bai fi gwangwani girma ba. A cikinsa akwai murfi da ke buɗewa gefe ɗaya kawai. Ruwa ya taso daga ƙasa, ya ture shi ya wuce; ya juyo, nauyinsa ya danne murfin ya rufe wa kansa hanya.

Ɗaura shi ba wuya. Da farko a zare wayar famfon daga soket, domin ruwa da wuta ba a yi musu ganganci. A auna tsawon bawul a jikin bututun da ya miƙe, a yanke da zarto, a ajiye bokiti kusa saboda ruwan da zai zubo. A goge bakin yankan ya yi sumul, a zura bawul, a ɗaure zobban ƙarfen da ke riƙe robarsa sama da ƙasa har su kama tam.

Abu biyu ne ba a yi musu gaggawa. Na farko, akwai kibiya a jikin bawul, kuma dole ta kalli sama, inda ruwa ya nufa. Wanda ya juya ta ya sa dutse a gaban taya ke nan: inji zai yi ta gurnani, ɗigo ɗaya ba zai fita ba. Na biyu, masu ƙera famfo da dama suna cewa a huda 'yar ƙofa mai faɗin kamar milimita 5 a jikin bututu, tsakanin famfo da bawul, daga cikin ramin. Ta nan iskar da ta maƙale take fita. In ba haka ba, rami ya bushe ya sake cika, famfon zai yi ta juyi cikin iska bai kama ruwa ba.

Mu ma nan gida mun san ɗan'uwan wannan bawul. Shi ne ake ɗaurawa a ƙarshen bututun da ke cikin rijiya. Ranar da ya lalace, sai an ɗura wa injin ruwa kowace safiya kafin ya ja.

An gama ɗauri, a mayar da waya, a zuba bokitan ruwa a rami har inji ya tashi. Idan ya tsaya, a kasa kunne, a zuba ido. Za a ji murfin ya rufe, tim, kuma ruwan ramin ya tsaya inda yake. Idan aka ga yana ƙaruwa, yashi ko tsakuwa ta tokare murfin, a kwance a wanke. A riƙa yin wannan gwaji kowace shekara kafin lokacin ruwa ya kama, domin sauya bawul ya fi sayen sabon famfo sauƙi nesa ba kusa ba.