Ƙananan Jiragen Yaƙi na Zubi da Ilmin da ke Cikinsu

Da zarar an gama girbin gero da dawa a ƙasar Daura, daga Sandamu har Zango da Baure, yara maza kan shiga sana'ar kara. Da ɓawon kara da totuwarsa suke ƙera mota da tabarau da jirgin sama, wasu kuma su haɗa da langa-langa da gwangwanin madara. Daga shekarar 2015 zuwa 2023, lokacin da marigayi Muhammadu Buhari yake shugabancin ƙasa, jirage masu saukar ungulu sun riƙa sauka a Daura, a 2019 kuma aka buɗe asibitin mayaƙan sama a garin, saboda haka yaran ba su rasa abin kwaikwayo ba. Abin da da yawansu ba su sani ba shi ne a wasu ƙasashe manyan mutane, har da injiniyoyi da tsofaffin matuƙa, suna kashe kuɗi masu yawa wajen tara irin waɗannan ƙananan jirage, sai dai nasu na ƙarfen zubi ne, an kuma auna kowane sashe daidai da jirgin gaske. Malamin da ya fahimci yadda ake wannan awo ya samu kayan koyar da lissafi da fiziks da ilmin halittu a tafin hannu ɗaya.

Ma'anar ɗaya bisa 72

A jikin kwalin kowane ɗan jirgi na ƙwarai akan ga lamba irin 1:72 ko 1:48 ko 1:200. Ma'anar 1:72 ita ce duk santimita ɗaya a jikin ɗan jirgin tana wakiltar santimita 72 a jikin jirgin gaske. Ba da ka aka zaɓi wannan lamba ba. A awon Ingilishi ƙafa shida inci 72 ne, wato dogon mutum mai ƙafa shida zai koma inci ɗaya cif. Wasu ƙananan jirage masu suna Skybirds da aka yi a Ingila ne suka yaɗa wannan awo tun daga 1932, har ya zama ruwan dare.

Alal misali, jirgin Super Tucano, wanda rundunar mayaƙan saman Nijeriya ta karɓi guda 12 a shekarar 2021, faɗin fikafikansa daga baki zuwa baki mita 11.14 ne. Idan aka raba da 72 sai a samu kimanin santimita 15 da rabi, wato bai kai taƙi guda na babban mutum ba. Shi kuwa C-130, babban jirgin dakon sojoji da kaya, faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 40. A awon 1:72 zai fi rabin mita, ya cinye tebur, shi ya sa aka fi yin irinsa a 1:200, inda yake komawa santimita 20 da 'yan kai.

Wannan awo ya taɓa zama aikin ceton rai. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar ruwan Amurka ta nemi ɗaliban makarantun sakandare su sassaƙa mata ƙananan jirage na katako guda 500,000 a awon 1:72, a shafe su da baƙin fenti. Dalili kuwa shi ne masu harbo jirage suna kuskuren bambance na gida da na abokan gaba. Ɗan jirgin da aka rataye a nisan ƙafa 35 yakan bayyana ga ido kamar jirgin gaske da ke nisan ƙafa 2,520, kusan rabin mil ke nan. Da waɗannan kayan 'yan makaranta aka horar da idon soja.

Yadda ake zuba su

Ba baƙon abu ba ne zubi a ƙasar Hausa. Maƙeran fari sun daɗe suna zuba awarwaro da zobe da kayan doki, haka kuma masu tukwanen alminiyam suna narka tsofaffin ƙarafa su zuba a cikin yashi mai ɗan laima da aka danna a kan samfur. Sai dai mazubin yashi sau ɗaya ake amfani da shi, a fasa, kuma jikin tukunyar yakan fito da kaushi sai an goge.

Zubin masana'anta ya bambanta ta hanya biyu. Da farko mazubin na ƙarfe ne mai tauri, ɓari biyu, ana iya amfani da shi sau dubbai. Na biyu, ba a barin narkakken ƙarfe ya gangara da nauyinsa. Inji ne ke tura shi da ƙarfi, cikin ƙiftawar ido ya cika kowane lungu kafin ya daskare. Shi ya sa har layukan ƙofofi da kawunan ƙusoshi suke fitowa.

Ƙarfen da aka fi amfani da shi sunansa zamak. Gauraye ne wanda mafi yawansa zinki ne, wato ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi don hana shi tsatsa, sai alminiyam kimanin kashi 4 cikin ɗari, da ɗan magniziyam, wani lokaci da jan ƙarfe. Wani kamfanin zinki na Amurka ne ya fito da shi a 1929, sunan kuma haruffan farko ne na waɗannan ƙarafa huɗu a harshen Jamusanci. Falalarsa ita ce yana narkewa a wajen digiri 385 na ma'aunin Salsiyas, alhali alminiyam sai ya kai 660, baƙin ƙarfe kuwa sai ya haura 1,500. Ƙarancin zafin yana sa mazubi ya daɗe bai lalace ba. Kamfanin Meccano na Libaful ya fara sayar da kayan wasa na zubi da sunan Dinky a 1934, Corgi ya biyo baya a 1956. A yau kuwa mafi yawan irin waɗannan kaya a ƙasar Sin ake zuba su, ko da sunan da ke jikin kwalin na Turai ne.

Me ya sa ba ya tashi?

Wannan ita ce tambayar da ɗalibi mai kaifin hankali zai fara yi, amsarta kuma ta fi yadda ake zato daɗi.

A ɗauki dunƙulen magi guda. In ana so a gina dunƙule mai ninki biyu a tsawo da faɗi da tsayi, ba biyu za a nema ba, takwas za a nema. Kowace fuska ta sabon dunƙulen kuwa ta ninka ta farko sau huɗu ne kawai. Ƙa'idar ke nan: in tsawo ya ninku sau biyu, fili yakan ninku sau huɗu, cika da nauyi kuma sau takwas. In aka juya ta ta fuskar ƙanƙantawa, jirgin da aka rage tsawonsa sau 72 filin fikafikansa ya ragu sau 72 sau 72, wato 5,184, nauyinsa kuma ya kamata ya ragu sau 72 sau 72 sau 72, wato 373,248.

To, Super Tucano ɗauke da cikakken kaya yana da nauyin kilo 5,400, filin fikafikansa kuma murabba'in mita 19.4. Kowane murabba'in mita yana ɗauke da kilo 278 ke nan. Da za a ƙanƙanta shi da komai nasa, da fatarsa da haƙarƙarinsa da injinsa, zai koma gram 14 da rabi a kan fikafikai masu murabba'in santimita 37. Nauyin takardar A4 guda uku ke nan. Lodin da ke kan fikafikan ya ragu sau 72, don haka a ƙa'ida ƙaramin ya fi babban sauƙin tashi.

Inda gizo ke saƙar shi ne ba a iya zuba ƙarfe da irin wannan sirantaka. Fatar jirgin gaske a wurare da yawa ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba; a raba da 72, ta fi gashin kai siranta. Mai zubi dole ya yi fiffiken curi guda, da ƙarfen da kowane santimita mai cika ɗaya yake da nauyin gram 6.6, alhali alminiyam na jirgin gaske 2.7 ne. In aka ɗauka ɗan jirgin ya kai gram 100, ya ninka nauyin da ya dace da shi kusan sau bakwai, ga shi ba inji. Bugu da ƙari, iska ba ta ƙanƙancewa tare da jirgi. Ga ƙaramin fiffike mai tafiya a hankali iska tana da ɗan danƙo, ba ta bin bayansa yadda take bin babba. Osborne Reynolds ne ya bayyana wannan al'amari a 1883, har yau injiniyoyi suna la'akari da shi in za su gwada samfur a ramin iska, irin wanda 'yan'uwan nan biyu, Wright, suka gina a 1901 suka gwada ƙananan fikafikai kusan 200 kafin su tashi a 1903.

Jirgin kara ba nauyi ne matsalarsa ba. Fiffikensa ba shi da doron da ke karkatar da iska, nauyinsa kuma yakan taru a baya, shi ya sa yake ɗaga hanci ya faɗo. Ɗan ƙaramin dutse a hanci da fiffiken kwali mai ɗan lanƙwasa kan sauya labarin.

Wannan ƙa'ida ita ce ke mulkin jikin dabbobi, Galileo kuma ya rubuta a kanta tun 1638. Ƙarfin ƙashi yana bin faɗin bakinsa ne in an yanke shi, nauyin da yake ɗauka kuwa yana bin cikar jiki, saboda haka ƙafar giwa ba ƙafar barewa ce da aka faɗaɗa ba, ginshiƙi ce. Shirwa, wadda ba ta cika kilo ɗaya ba, tana shawagi a kan mahauta da fikafikai masu faɗin kusan mita ɗaya da rabi ba tare da wahala ba. Manyan jinsunan tuje na Afirka, waɗanda namijinsu kan kai kilo 18, suna daf da iyakar abin da tsokar tsuntsu za ta iya ɗagawa, sai sun yi gudu kafin su tashi. Jimina ta haura kilo 100, ta bar wa ƙafafunta aikin. Ƙwaro kuwa ya faɗo daga kan rimi ya kama gabansa, domin filin jikinsa yana da yawa in an gwada da nauyinsa.

Yadda ake tantance na ƙwarai

Masu tara waɗannan jirage suna da mujallu da ƙungiyoyi inda ake bitar kowane sabon fitowa, bitar kuma da rula take farawa. Ana auna tsawo da faɗin fikafikai, a ninka da lambar da ke jikin kwali, a gwada da awon jirgin gaske. Kayan da aka rubuta musu 1:72 alhali ba su cika ba suna da yawa a kasuwa, wanda bai auna ba kuwa ya biya kuɗin na tarawa ya tafi da na wasan yara.

Sa'an nan a duba layukan da ke nuna mahaɗar fatar jirgi. Layi mai faɗin milimita 0.3 a jikin ɗan jirgi daidai yake da tsaga mai fiye da santimita 2 a jirgin gaske, wadda ba matuƙin da zai yarda ya tashi da ita. Masu ƙira suna zuzuta layukan da gangan don ido ya gani, masu bita kuma suna jayayya a kan iyakar da ta dace. Gaskiyar magana, wannan jayayya ta fi kusa da son rai fiye da kimiyya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne tarihi. Tambari da launi da lamba dole su dace da jirgin da zamaninsa. An kafa rundunar mayaƙan saman Nijeriya a watan Afrilu 1964, tambarinta kuma da'ira ce mai kore da fari da kore. Jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyet sun iso ta Kano a 1967, farkon yaƙin basasa. Alpha Jet sun zo a farkon shekarun 1980. JF-17 guda uku daga Pakistan sun shiga aiki a 2021. Tun kafin duk wannan, a Nuwamba 1925, jiragen sojan Ingila guda uku samfurin DH.9A sun taso daga Masar suka sauka a Kano. Kowane ɗaya daga waɗannan babi ne na darasin tarihi. Jirage masu launin Nijeriya ba su da yawa a jerin kayan manyan kamfanoni, saboda haka mai sha'awa yakan sayi na wata ƙasa ya sake masa fenti. Tsaigumi, jirgi marar matuƙi da aka ƙaddamar a Kaduna a Fabrairu 2018, ya cancanci ɗaliban fasaha su nemi awonsa su sassaƙa shi da kansu, musamman da yake akwai kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri a Daura.

Cutar zinki da gubar dalma

Zamak yana da wata cuta da ba ta da magani. In aka samu ɗan gurɓin dalma ko kuza a cikin zubin, ko da bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, laima takan bi tsakanin ƙwayoyin ƙarfen a hankali, ya kumbura, ya tsattsage, daga bisani ya ruguje kamar busasshen ƙuli. Jiragen Dinky da yawa na kafin Yaƙin Duniya na Biyu haka suka ƙare. Busasshiyar iskar Daura gata ce ta wannan fuska, in ban da watannin damina. Abokan gaba a nan su ne ƙurar hunturu, wadda ke karce fenti in an goge da tsumma, da rana da zafin bazara, masu kashe launi su busar da tayoyin roba. Akwati mai gilashi a inuwa da burushi mai laushi sun wadatar.

Dalma kuwa ba ƙarfe kaɗai take lalatawa ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, waɗanda suka rayu kuma da yawansu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Tsofaffin kayan wasa da masu arha marasa sunan kamfani suna iya ƙunsar dalma a ƙarfensu ko a fentinsu, ido kuma ba ya ganewa. Mayen ƙarfe ba zai taimaka ba, domin ba ya kama zinki, ba ya kama dalma. Alamar da ake iya lura da ita ita ce dalma tsantsa tana da laushi, tana barin baƙin layi a takarda, nauyinta kuma gram 11.3 ne a inda zamak yake 6.6, amma wadda ke cikin fenti sai ɗakin gwaji. Don haka ba a barin irin waɗannan kaya a hannun yaron da ke sa abu a baki, ba a goge fentinsu da yashi a cikin aji, haka kuma malami kada ya bari ɗalibai su narka dalmar tsohon batirin mota don gwada zubi. Kakin kyandir da mazubin yumɓu suna nuna wannan darasi daidai.